Ikilima, Ƙarfenta da Madubina

Ikilima jikata ce, a hannuna ta tashi nan Tungan Maje, kuma tun tana rarrafe ban huta ba. Yara na 'yar carafke, ita tana kakkarya min tsintsiya tana auna daga murhu zuwa randa. Na ce iskokai ne. Ubanta ya ce boko ne. Har yau ban ga bambancin ba.

Yanzu tana jami'a, aikinta wai furotin, abin nan da ke cikin wake da nama da jikin mutum. Ta ce ido ba ya ganinsa. Na'ura ce ke faɗa musu tazarar da ke tsakanin ƙwayoyinsa, wannan da wancan kaza, sai kwamfuta ta harhaɗa ta fito da siffarsa.

Na ce, "Abin da ba wanda ya taɓa gani, wa zai ƙaryata ki?"

"Malamaina, Kaka. Ran Alhamis za su titsiye ni a jarrabawa. In na faɗi, sai baɗi."

Ta so ta kai musu abin da za su taɓa da hannu, sai ta nufi kasuwar Dei-Dei wurin Sadisu mai walda, ya ƙera mata siffar furotin ɗin da ƙarfe. Ko hoto ba ta ba shi ba, wai awo ya isa. Ana gobe Alhamis ya kawo wani murɗaɗɗen rodi da ƙwallaye jikinsa, kamar hanjin akuya. Ta auna ta sake aunawa, sai ta zube ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"Oga Sadisu, ai hagu ka murɗa shi!"

"Madam, wane awo ne bai cika ba? Nuna min ɗaya."

Babu ko ɗaya. Ta ware min tafukanta ta ce awon yatsun hagu da na dama duk ɗaya ne, amma wannan ba wancan ba ne. Awo bai san hagu da dama ba, shi kuwa furotin ɗin nata dama yake murɗawa.

Na ce, "Kin san haka kika rufe bakinki? Ina amfanin karatun?"

Sadisu ya ce ko sama da ƙasa za ta haɗe ba zai sake wani ba kafin gobe, babu wuta a layinsu. Ya kaɗa babur ɗinsa ya yi gaba.

Can na ga yarinya ta ƙura wa madubina ido, babban nan da na taho da shi tun daga Zariya.

"Kul! Kada ki soma."

Ta soma. Ta naɗe shi da bargona ta kai jami'a, ta girke ƙarfen gabansa, ta ce malamai su duba cikin madubi, can ne ya murɗa daidai. Ta yi musu bayanin dalili. Ta ci.

Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo, sannan na ce ina kayana. Wai malaman sun ce a bar madubin tare da ƙarfen, ɗalibai su riƙa gani.

Yanzu a murfin tukunya nake duba ɗaurin kallabina. Ita kuma tana ta yi min alkawarin sabo. Na ce ta kai Sadisu ya auna mata.