Jar Tuta a Kan Ƙanƙara

Shekara goma ke nan da rasuwar maigidana Idrisu, kuma har yau idan zafin Madina ya kai inda kwalta ke rawa a ido, wani sanyi nake tunawa wanda jikina bai taɓa ji ba. A bakinsa na san shi.

Idrisu Bahaushen Chadi ne, direba. Kafin mu haɗu, ɗan ubangidansa ya tafi karatu wata ƙasa can arewacin duniya, aka haɗa Idrisu da iyalin ɗan ya yi musu tuƙi na hunturu ɗaya. Ya dawo da jaka ɗaya da labari ɗaya. Ya ce a can tafki kan daskare har mota ta hau kansa. Mutane sukan huda ƙanƙarar, su gitta katako a bakin ramin, su saki zare da ƙugiya cikin ruwan da ke ƙasa, su lanƙwasa wani siririn ƙarfe mai jar tuta a kai. Daga nan sai su koma gefe su sha shayi. Da kifi ya ja zaren, tutar za ta miƙe da kanta. Kifin mai ɗigo-ɗigo ne kamar an yayyafa masa lalle, sunansa tirawut. Idrisu ya ce shi da hannunsa ya ciro guda biyu.

A shagunan Uhudu wannan labari ya zame masa suna. Da ya shigo sai ka ji an ce, "Ya shaikh, ku matsa, ga mai tafiya a kan ruwa!" Baba ma da aka zo neman aurena sai da ya kira ni ya ce, "Yaron yana da salla, yana da sana'a. Bakinsa ne kawai ban gane ba."

Ni kuwa bakin nasa nake so. Na tashi da littattafan soyayya na Kano waɗanda alhazai ke kawo mana a ƙasan akwati, inda saurayi ke alkawarin tsinko wa budurwa tauraro kuma babu mai neman ya gani. A wannan layin na ajiye Idrisu. Na ce a raina, ga mutumin da ya ƙirƙiro farar ƙasa sukutum don ya burge ni. Wace mace za ta ƙi?

Bayan aurenmu ya koma aiki a wata gonar dabino a Awali, nan gefen Madina. Wata Juma'a da la'asar ya kai ni bakin birkar da ake tara ruwan ban-ruwa, mai 'yan karfasa a ciki. Ya gitta reshen dabino, ya ɗaura wayar tsohuwar laima, ya yagi gefen jan ɗankwalina ya yi tuta. Muka zauna a inuwa, inuwar dabinai na kwance a kan ruwan, kurciyoyi na kuka. Can sai tsumman ya yi tsalle ya miƙe. Na yi ihu kamar yarinya. Ya juyo ya dube ni, babu dariya a fuskarsa.

"Duk garin nan su ce na yi ƙarya, ban damu ba. Ke fa, kin yarda?"

"Na yarda mana," na ce, ina gyara mayafi.

Ƙarya na yi. Tuta na gani, ban ga ƙanƙara ba. Shekara tara muka zauna, har ciwon da ya ɗauke shi cikin kwana shida, kullum ina sauraron labarin da murmushin da ake yi wa mawaƙi. Ina zaton ya san wannan murmushin, don a shekarunsa na ƙarshe ya daina ba da labarin a gabana.

Bara waccan 'yarmu Maryam, wadda ke jin Hausa amma ta amsa da Larabci, ta ƙwala mini kira daga falo: "Ummi, ta'ali, shufi!" wato in zo in gani. Na fito da ludayi a hannu. A wata tashar dish, ga farin fili har iyakar gani. Ga mota a kai. Ga wani mutum cikin ƙatuwar riga yana hura kofin shayi. Sai jar tuta ta miƙe, ya ruga, ya durƙusa, ya jawo zare da hannu, kifi mai ɗigo-ɗigo ya fito yana birgima. Ko ƙwayar zarra Idrisu bai ƙara ba. Miyata ta ƙone ran nan.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan zamani, da tsofaffin abokansa na Uhudu ke ba wa jikokinsu labarin kamar su suka je. Ba na jin zai yi musu gori. Zai matsa kusa da talabijin ne ya ce mutumin ya yi garajen jan zare, a bar kifi ya ɗan yi tafiya tukuna. Ni ce ban san da wane ido zan dube shi ba. Na auri mai gaskiya, na so shi a matsayin mai daɗin baki, kuma ya tafi ba tare da mutum ɗaya ya gaskata shi ba, har matar da ke kwana a gefensa.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bar mini shi ne sanin cewa abin mamaki na iya zama gaskiya, kuma mai faɗinsa na buƙatar a yarda da shi tun yana da kunnen ji.

Mata ba sa shiga maƙabartar Baƙi'a, ban ma san inda kabarinsa yake a cikin dubban duwatsun nan ba. Washegarin ganin tashar na je bayan sallar asuba, na tsaya a jikin katanga inda mata ke tsayawa, tattabaru na sauka a ciki. Na yi masa addu'a. Sannan na matsa bakina kusa da ƙarfen katangar na ce, "Baban Maryam, ka yafe mini. Ashe da gaske ka taka ruwan."