Kawu Bala, Mai Raɗa wa Kowa Ciwo

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Kawu Bala a unguwar Camberwell, can ƙasar Turawa, ya san ba a fita haka nan, sai an raɗa maka ciwo. Shekara talatin yana nas a sashen masu taɓin hankali, ya yi ritaya, amma bakinsa ya ƙi ajiye aiki. Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma ba don shi ba, da ban san ko ni zan raini 'yata ba.

Ka tsinci nama a tukunya, sai ya leƙo ta saman tabarau: "Kleptomania! Ciwon ɗauke-ɗauke." Matarsa, Inna Asabe, ta dawo daga shagunan Old Kent Road da turmin atamfa uku, ya riƙe haɓa.

"Oniomania, ciwon saye-saye. Asabe, abin ya yi tsanani."

"To kai da littattafanka suka cinye mana har banɗaki fa?"

"Bibliomania ce, ciwon tara littattafai. Amma ni na san da tawa, ke ce abin tausayi."

Kai, Kawu! Ran taron 'yan garinmu, shugaba ya share awa guda yana yabon kansa. Kawu ya miƙe cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, sunanta megalomania, ciwon na-fi-kowa. Ana samun sauƙi in an zauna." Wallahi mutumin ya zauna!

Da na haihu, sai wani tsoro ya kama ni. Yini nake ina wanke kwalbar madara, har hannuna ya tsattsage. Na ɓoye, don an ce mini da jami'an council, hukumar unguwa, sun ji kalmar hauka, sun ɗauke jaririya. Wata gwaggo har ta fara zancen a mai da ni gida ƙasarmu.

Kawu ya zo duba mu, idonsa ya sauka kan hannuna. Na fashe da kuka, na ce, "Kawu, faɗi kawai. Wace mania ce tawa?"

Ya cire tabarau. "Ke ba ki samu ba. Tsoro ne da gajiya, kuma suna da magani. Ɗauko mayafinki."

Shi ya nema mini ranar ganin likita, shi yake rungume jaririyar a bas duk mako in za mu asibiti, har wata huɗu. Gwaggo kuwa ya ce mata, "Wanda ya sake cewa hauka a gidan nan, ni da shi ne."

Babu wanda ya taɓa mini 'ya. Bana ta shiga sakandare, shi kuwa bai gani ba, da azumi ya rasu. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini.