Ruwan Kwata da Ƙafar Mahaifina

Shekarun baya, mahaifina tela ne a Fagge, da ƙafar dama yake taka keken ɗinki. A ita kuma ciwon suga ya fitar masa da gyambo. Irin namu, kafso muka dinga sayowa a kemis muna ɓarewa muna barbaɗa masa. Daga baya aka sha asibiti, aka sha allura, gyambo ko gezau. Likita ya fara zancen yankewa.

Abokina mai binciken ƙwayoyin cuta a jami'a ya zo dubiya. Ya ce, "Baba, kun san yauƙin nan da ke kama cikin randa? Irinsa ƙwayoyin suka yi suka lulluɓe kansu, magani sai dai ya zame ta sama." Amma, in ji shi, akwai wasu mitsi-mitsin halittu da ba ruwansu da mutum, yauƙin suke narkarwa, su shiga cikin ƙwayar su fasa ta. A ruwan kwata ake samunsu.

Baba ya yi dariya. "Ashe ƙazanta ma da ranarta."

Washegari ni da nake toshe hanci in zan wuce kwatar bayan kasuwar Sabon Gari, sai ga ni tsugune a bakinta da farar shadda ina cika kwalba. Wani ɗan dako ya ce, "Malam, lafiya kuwa?" Ina fa lafiya!

Na kai wa abokina kwalbar, da aka kwana biyu ya kira ni ɗakin gwaji. Ya nuna min farantin da ya raini ƙwayoyin gyambon Baba ya ɗiga musu ruwan kwatar: ya yi dushi-dushi, amma ga ɗigo-ɗigo tas inda aka cinye su. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Baba na jin labari ya ce, "To a zuba min mana."

Abokina ya sunkuyar da kai. "Ba a tace shi ba, Baba, kuma ba mu da izinin gwadawa a jikin mutum. Zai iya halaka ku."

"Ƙafar tawa ce ko ta hukuma?"

"Taku ce. Amma ba zan iya ba."

Aka yanke ta daga gwiwa. Muka sa wa kekensa moto mai aiki da lantarki, ya ƙi hawa, wai hannunsa bai san hanya ba in ƙafar ba ta ja gaba. Haka keken ya zauna a lulluɓe har Allah ya karɓi abinsa.

Na san abokina ne da gaskiya, amma sanin bai rage min zafi ba. Na ga maganin da idona, a faranti. Har gobe in na wuce kwatar nan ba na iya toshe hanci.