Ranar da na kusa dafa ɗiyata

Ko na tsufa har na manta sunan mijina, ba zan manta ranar da na shiga rabin tano, wato duron da aka raba biyu, da ciki wata shida ba.

Cikin fari ne, muna wani ƙauye kusa da Agiye. Wallahi haihuwa ba ta ba ni tsoro kamar wankan jego. Wata maƙwabciyarmu da aka watsa mata ruwan nan ta kurma ihu, aka shekara ana kwaikwayonta a bakin rijiya, ni ce ma kan gaba. Sai na ce bari in fara gwaji tun yanzu, jiki ya saba. Kun ji wayon banza.

Ranar kasuwa da hantsi, gida ya watse, na tafasa tukunya biyu, na juye a rabin tanon da muke wanki, na ɗan surka, na zauna ciki har ƙirji. Zufa na zuba, ina ce wa kaina, "Daure, jaruma." Can sai kunnuwana suka ɗauki ƙara, katanga ta fara juyawa. Na yunƙura, ƙafa ta ƙi.

Allah ya sa gwaggon mijina ta dawo ɗaukar mudun da ta manta.

"La'ilaha illallahu! Ke ɗiyar nan, kaza ce ke da za a fige?"

Ta finciko ni waje, ta yi ta sheƙa mini ruwan randa. Da na dawo hayyacina na dafa ciki. Abin da ke shurina dare da rana ya yi tsit. Nan na ji tsoron da ban taɓa ji ba, na fashe da kuka.

A amalanken jaki aka kai ni likita. Ungozoma ta ɗora abin saurarenta, ta daɗe tana zagaya shi a kan cikina, gwaggo na ta salati.

"Yana nan da rai," in ji ungozomar. Sannan ta juyo kaina. "Ke kin yi zufa kin huce, shi ta ina zai yi? Mai ciki ruwa mai ɗumi-ɗumi take wanka da shi, ba ta jiƙa kanta a na zafi."

Mace na haifa, lafiya lau. Yarinyar yanzu tana karatu a lakol, bakinta ya fi nawa. Abin da na koya shi ne, mai ciki ba ita kaɗai ke zaune a jikinta ba. In za ta yi wauta, ta tuna akwai wanda ba a nemi shawararsa ba.