Baba Mai Tiyo Ya Rufe Gareji

Shekara arba'in da ɗaya ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa yi wa Baba Mai Tiyo a gida ba. Zai iso a kan tsohon kekensa, ya jingine shi da bango, ya sa kafaɗa ya ɗaga ƙofar gareji, don tun tuni ta daina ɗaguwa da hannu ɗaya. Ya yi shara, ya shimfiɗa tsumma a kan benci, ya jera sifanoni daga ƙarama zuwa babba. Daga ƙarshe ya ciro wani guntun tiyon roba daga jikin ƙusa, wanda bai wuce kamu ɗaya ba, ya rataya a wuya. Daga wannan tiyo sunan ya fito, har mutanen layin suka manta da na yanka.

Bakanike ne, amma da kunne yake aiki. In ka kawo masa mota ba ruwansa da dogon bayaninka. "Tashe ta, ka yi min shiru," shi ke nan. Mai faci, maƙwabcinsa na shekara talatin, ya ce ya sha ganin Baba yana cin abinci mota ta wuce a titi, ya ajiye cokali ya ce fulogi ɗaya ya mutu a cikinta, kuma in an tsayar an duba haka ne. Faɗa kam akwai shi, Allah ya ba shi. In ka bar mota ba baƙin mai, sai ya wanke ka tas a gaban kowa, sannan ya gyara maka ita kamar tasa.

A duk motocin da suka ratsa hannunsa, babu wadda ta shiga ransa kamar ta Likita, wani daɗaɗɗen mai kawo masa gyara. Tsohuwar motar gudu ce, ja, mai ƙofa biyu da kujera biyu, ƙasa-ƙasa har sai ka durƙusa za ka shige ta. Gabanta ya kusa rabin tsawonta, shi ya sa yaran layi da manyansu suke ce mata Mai Dogon Hanci. A ƙarƙashin hancin nan silinda shida ne a jere, da kafireto uku masu haɗa fetur da iska, kowace tana shayar da biyu. Baba yakan ce duk sirrinta yana nan: in ukun suka ja iska daidai wa daida, sai ta yi wata murya mai kauri a ƙasa, in ta hau sama ta koma siririya tana kaɗa ƙirji. In ɗaya ta fi 'yan uwanta ko da kaɗan, sai ta riƙa tari tana ɗingishi. Yadda yake daidaita su kuwa, ya sa bakin tiyo a bakin kafireto, ɗaya bakin a kunnensa, ya saurari hucinta, ya matsa ta biyu, ya matsa ta uku, yana murɗa ɗan noti da sukudireba har huci ukun su zama ɗaya.

Mota ce mai hali, ba ta ɗaukar raini. A tsaye sitiyarinta nauyi kamar buhun siminti, da ta kama hanya sai ya yi laushi, ka ji kowace tsakuwar titi a tafin hannunka. Kulocinta tauri, ƙafar hagu sai ta yi tsami. Ba ta yarda a matsa mata sai inji ya ɗumama. Ƙafafun baya ne ke tura ta, saboda haka in ka taka totur a tsakiyar kwana ranar ruwa, bayanta zai zame ya nemi ya riga hancin isa. Baba ya koya wa Likita ya rage gudu tun kafin kwana, ya bi da ita a hankali, sai ta miƙe sannan ya sakar mata. Likita ya ji duk wannan. Abu ɗaya ne ya ƙi ji. In ya shiga gida da yamma, kafin ya kashe ta sai ya taka totur sau biyu, fam, fam.

"Likita, kana wanke mata ciki da fetur. Wa ya koya maka wannan ɗabi'a?"

"Baba, sallama nake wa Hajiya."

"To ka yi mata da baki mana, ba ka da shi ne?"

Shekara ashirin da shida suna wannan rigima, ba wanda ya sauka. Sai Likita ya rasu. Aka ja tamfol aka rufe Mai Dogon Hanci a rumfar gidansa, Baba kuma ya daina bi ta wannan titin ko da hanya ta fi kusa.

A cikin shekara huɗun da suka biyo baya, kunnen Baba ya fara tafiya. Ba rana ɗaya ya tafi ba. Da farko rediyonsa ce ta ƙara ƙarfi, sai kuma ya fara cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Ranar da abin ya fito fili, ya gama gyara wata motar haya ya sallame ta, tana fita mai faci ya jiyo ƙwanƙwasa a cikin injin tun daga rumfarsa. Ya zo ya faɗa masa, yana jin nauyi. Baba ya aika aka dawo da motar, ya ɗora tafin hannu a kan inji, ya ji bugun da kunnensa bai ji ba. Wani da sai ya ɗora laifin a kan kayan gyara. Shi kuwa ya dubi direban ya ce, "Ni ne ban ji ba. Kunnena ya mutu." Ya gyara, sannan ya ce wa mai faci ƙarshen wata zai rufe.

Ana saura kwana tara Autar Likita ta zo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce ta ɗaga murya. Ta ce idon Hajiya, mahaifiyarta, ya rufe gaba ɗaya, za ta ɗauke ta su koma can garin da take aure, ranar Asabar za su bar gidan, motar kuma wani ɗan uwa zai ɗauke ta a bayan babbar mota. Hajiya ba ta roƙi komai ba sai abu ɗaya, tana so ta ji motar ta shigo gida sau ɗaya kafin ta fita daga cikinsa. Sun kira wani mai gyara da na'ura, ya zagaya motar sau uku bai sami inda zai soka wayarsa ba. Ya dai tashe ta da ƙyar, Hajiya ta saurara daga falo ta ce a kashe, wannan ba motar Likita ba ce.

Baba ya ce, "Auta, kin zo a makare. Abin da nake gyara ta da shi babu shi."

Ta ce, "Baba, in ba kai ba wa?"

 Washegari da hantsi Baba ya ɗaure akwatin sifanoni a bayan keke, ya bi titin da ya yi shekara huɗu yana gudu. Kwana biyu yana aikin da hannu da ido za su iya: ya zubar da tsohon mai, ya wanke tanki, ya sauya fulogi shida, ya kwance kafireto ukun ya wanke su ɗaya bayan ɗaya a cikin kwano. Rana ta uku ya tashe ta. Ya sa tiyo a kunnen dama, babu. Ya mayar na hagu, sai wani gunji daga nesa. Ya tsaya da sukudireba a hannu, zufa tana zuba, yana kallon notin nan uku da ya fi kowa sani a duniya.

Sai ya ce wa Auta ta kawo kujera, ta kuma fito da Hajiya.

Aka zaunar da ita a gefen injin. Baba ya goge bakin tiyon da gefen rigarsa, tiyon da bai taɓa ba kowa ya riƙe ba, ya sa mata a hannu. Ya ce, "Hajiya, ki ara min kunnenki. Zan sa a wuri uku. Wadda ta fi huci ki ɗaga hannu sama, wadda ta gaza ki yi ƙasa da shi." Ta ce ita me ta sani a kan inji. Ya ce, "Shekara ashirin da shida kina jin ta tun daga kwanar masu kayan miya. Bayan ni ba wanda ya san muryarta kamarki."

Haka suka yi, makauniya tana ji, kurma yana murɗawa. Ta ɗaga hannu, ya rage. Ta sauke, ya ƙara. Har ta fara yi masa faɗa, wai ya cika gaggawa, ta tsakiya ce ke shaƙewa. Auta tana tsaye tana maimaita masa da ƙarfi, tana dariya tana share hawaye. Kusan awa biyu ana abu ɗaya. Can Hajiya ta sauke tiyon daga kunnenta ta ɗora a cinya, ba ta ɗaga hannu ba, ba ta sauke ba. Baba ya ɗora tafinsa a kan inji ya ji rawar ta kwanta.

Ya rufe bonet, ya durƙusa ya shiga, ya fita da ita. Ya zagaya unguwa har ta ɗumama, ya sakar mata a miƙaƙƙen titi sau ɗaya, masu shaguna suka fito bakin ƙofa suna kallo. Da la'asar sakaliya ya karyo kwana a giya ta biyu, yadda Likita yake yi, ya shigo gida ya tsaya a rumfa. Hannunsa yana kan makulli. Auta ta ce ta ga ya yi jim, sannan ya taka totur sau biyu, fam, fam, ya kashe.

Daga bakin ƙofar falo Hajiya ta miƙe tsaye ta gyara mayafi, ta ce, "Sannu da zuwa."

Baba ya fito yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Auta, ta yi daidai kuwa? Me Hajiya ta ce?" Auta ta juya ta rufe fuska da mayafi. Wallahi duk sanda na tuna wannan tambaya sai zuciyata ta karye.

Baba, kai ne ka yi shekara arba'in da ɗaya kana sauraron ciwon da masu shi ba su iya faɗa ba. Kai ne ka ce "ni ne ban ji ba" a ranar da ƙarya za ta fi maka sauƙi. Kai ne ka mayar wa baiwar Allah sallamar mijinta, da abin da ka yi shekaru kana hana shi, kuma a duk gidan kai kaɗai ne ba ka ji ta ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya, ya jiƙan Likita.

Masu sana'a, ga abin koyi nan a layinku: ku san aikinku har cikin ƙashi, in kun gaza ku faɗa da bakinku, in kuna bukatar kunnen wani ku roƙa. Garejin yana rufe tun ƙarshen watan jiya, tiyon kuma yana cikin jakar Hajiya, don Baba ya ƙi karɓa. Shi yana gida, da hantsi yakan fito da kujera ƙofar gida yana kallon motoci suna wucewa. In kun je gaishe shi kada ku yi sallama daga baya. Ku zagayo gabansa, ku tsaya inda zai ga bakinku, sannan ku ce masa an gode.