Baba Kalli da Saniya Mai Hawaye

Kullum bayan la'asar Baba Kalli yakan saɓi tsohuwar jakarsa ya nufi inuwar bayan kasuwar tattasai a Diffa. Sai ya kafa sanda, ya lulluɓa mata ƙatuwar riga, ya shige ciki. Jim kaɗan ɗiyan dabo, 'yan tsanan nan nasa na itace da tsumma, sun leƙo ta wuyan rigar suna tsiwa da siririyar murya. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, amma rabin masu dariyar ba su san fuskarsa ba. Abin yana ba ni haushi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara shanun Halilu Bafillace suka faɗa gonar tattasan Grema Babarbare a bakin kogin Komadugu. Maƙwabta ne tun suna samari, amma magana ta yi zafi har Grema ya rantse gobe sai gaban jandarma, dangin Halilu kuma suka fara yawo da sanduna. Duk ɗan kwarin nan ya san inda irin wannan take kaiwa.

Baba Kalli bai je ba kowa haƙuri ba. Aika musu ya yi, kowa daban, su zo kallo da yamma. Suka zo, suka zauna nesa da juna, fuska a murtuke. Ina wurin.

Sai ga ɗan tsana Babarbare ya leƙo da zungureriyar hula, ɗan tsana Bafillace na biye da malafa.

"Saniyarka ta cinye mini tattasai," in ji mai hula.

"Yo ai ni ya kamata in kai ƙara," in ji mai malafa. "Tun jiya take hawaye, nonon ma yaji yake yi."

"To sha, yau dai ka ɗanɗana abincin mutane."

Wasan Barebari da Fulani ne, wanda muka gada kaka da kakanni, kuma abin kunya ne a yi fushi a cikinsa. Grema ya cije leɓe, ya kau da kai, dariyar ta ƙwace masa. Halilu ya ɗago murya daga can: "Grema, wallahi hular ma taka ce."

"Kai dai ka ɗaure mini mai hawayen nan," in ji Grema yana share ido. Tare suka tashi zuwa sallar magariba.

Baba Kalli, kai ne mai sulhu daga cikin riga. Ba ka da ofis, ba ka da kujera, kuma yanzu ka ce gwiwa ta ƙi durƙuso, za ka huta. Ina ƙaunarka, tsohon nan, kuma mun gode. Allah ya saka maka da alheri.

Ku kuma matasa, ku je ku koya tun hannunsa yana motsi. Wanda yake ganin wasan yara ne ya leƙa gonar Grema in an gama tsinkar tattasai. Shanun Halilu zai tarar suna kiwo a ciki, kuma Grema da kansa ya buɗe musu shinge.