Shatin Hannu a Bangon Zaure

Jiya da safe ina wucewa ta Tina Junction cikin yayyafi, sai ƙamshin masa ya tare ni daga wata rumfa a bakin titi. Ba yunwa ce ta tsayar da ni ba, don na riga na karya. Ƙaurin nan ne na man gyaɗa in ya ɗiga a gefen tanda mai zafi, ya haɗu da hayaƙin itacen da ya sha ruwa. Na tsaya riƙe da lema har wani mai keke ya danna mini hon, ya tambaye ni ko titin na gidanmu ne. Bai san a lokacin ina can zauren gidanmu na Rikkos ba, ina ɗan yaro, ina jiran a miƙo mini ta farko wadda gefenta ya ƙone.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ce mai tandar. Tun kafin a haife ni take toya masa a zauren nan. Mijinta ya zo Jos ne aikin haƙar kuza, ya rasu ban san shi ba, ita kuwa ta zauna da tandarta ta raini 'ya'yanta. Tana da wata kujera 'yar tsugunno da hayaƙi da mai suka mayar baƙa wuluk, murhu a gabanta, ƙwaryar ƙullu a damanta. In ka san sanyin Jos na tsakiyar damina, lokacin da ruwa ke kwana ya wuni yana zuba, wani lokacin har da ƙanƙara a kan kwanon rufi, to ka san dalilin da ya sa mu yaran gidan ba mu da wurin zama da safe sai gindin murhunta. Ni take kira Maigida, irin wasan kaka da jika. Kullum sai ta yi ƙarata wurin masu saye, wai ta auri mijin da ba ya cefane sai ci.

Zauren nan shi ne duniyarta. Masu dawowa daga masallaci su tsaya, ma'aikata masu saurin tafiya ofis su tsaya, ta ji wa ya haihu, wa ya kwanta asibiti, wa ya yi faɗa da surukarsa. Babbar ƙawarta ita ce maƙwabciyarmu da duk unguwa ke ce wa Mama, 'yar asalin duwatsun nan, mai sayar da dankalin turawa. Ran Lahadi in ta taso daga coci, a zaurenmu take cire takalmi. Tsawonsu ɗaya, jikinsu ɗaya, har aron zani suke yi in biki ya taso. Ko a shekarun da gari ya yamutse, mutane suka riƙa tashi suna komawa inda 'yan uwansu suka fi yawa, Mama ba ta tashi ba, Kaka ma ba ta daina ajiye mata masarta a kwanon da ta saba ba.

Ni tun ina ƙarami ba na barin abu yadda na same shi. Gwangwanin madara ya zama mota, tsohon silifa ya zama taya, rediyon Baba ya zama abin da ba a sake jin muryarsa ba. Da na gama sakandare na samu gurbi a wata jami'a da ke wani gari, tafiyar 'yan awoyi daga tashar Titin Bauchi, inda zan karanci yadda ake tsara fasalin kayan amfani kafin a ƙera su: kujera, buta, murhu, tukunya, duk abin da hannun mutum ke taɓawa. Baba ya so in karanci lauya. Da na yi masa bayani ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, “Wato sai ka je jami'a kafin ka zama kafinta.” Maganar ta yi mini zafi, amma bai hana ni ba, ni ma ban fasa ba.

Ina shekarar kusa da ƙarshe aka ce mini Kaka ta faɗi. Ta yunƙura za ta tashi daga kujerarta gwiwa ta ƙi, ta kife gefen murhu, mai ya ƙona mata damtse. Baba ya tsorata, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ɗauke tandar ya kulle a sito, ya ce an gama, ai ba a rasa abin ci a gidan ba. An sayo mata farar kujerar roba ta riƙa shan iska, ta ce ita ba oga ba ce da za ta hau sama tana leƙen mutane.

Da na zo hutu na same ta a ɗaki, a kan katifa, fuska ga bango. Ƙunar ta warke, amma matar da na sani ba ta nan. Na yi mata tsiya, na ce amarya ta yi yaji ne, ta yi ɗan murmushi kawai ba ta rama ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don Kaka ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Zauren kuwa ya yi tsit, kaji ne kawai ke shiga. A ranar na sha alwashin sai ta koma gaban tandarta, kuma shi ne zai zama aikina na kammala karatu.

Na tunkari Baba da maganar. Ya ce, “In ta zauna ta tashi da kanta a gabana, ba wanda ya riƙe ta, zan fito da tandar. In ba haka ba, kada ka sake tayar mini da zancen.”

A makaranta abu na farko da ake koya mana shi ne awo. Ba ka zana wa mutum kujera sai ka san tsawon ƙafarsa daga ƙasa zuwa gwiwa, da faɗin mazauninsa, da inda hannunsa ke kaiwa. Don haka washegari na shiga ɗakinta da tef ɗin awo, ina ta fara'a, na ce ta miƙe ƙafa. Ta dubi tef ɗin, ta dube ni.

“Maigida, har ka gaji da ni ne?” in ji ta a hankali. “Ka bari in cika tukuna, sai ku ɗauko karanku.”

Ka san a wurinmu in mutum ya rasu, kara ake ɗauka a gwada tsawonsa a kai wa masu haƙa kabari. Kaka ko tela bai taɓa sa mata tef ba, tsohuwar rigarta ake kai masa ya kwaikwaya. Ga ta kwance tana ganin an ɗauke mata sana'a, sai ga jikanta ya shigo zai auna ta. Na yi rantsuwa, na yi bayani, ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta. Baba da ya ji abin da ya faru cewa ya yi, “Abin da ake koya muku ke nan?”

Mama ce ta fara buɗe mini hanya. Na same ta tana zuba dankali a kwando, na ba ta labari, ta yi dariya har da dafa ciki. Da Hausarta ta Jos ta ce, “Kaka naka ya cika tsoro. Zo ka auna ni, ni da shi zani ɗaya muke ɗaurawa. Mu kafinta ne zai auna mu ya yi akwati, kuma ni ban shirya ba sai na sake cin masa na shi.” Ta zauna a kan buhu na auna ta tsaf. Na samu tsawon ƙafa, amma ban san yadda Kaka ke tashi ba, kuma a nan matsalar take.

Akwai wani malaminmu, dattijo mai ƙarancin magana, da ke yawan ce mana kada mu taɓa fensir sai mun yi abin da mai amfani da kayan ke yi. Sai na ɗauko 'yar tsugunnon Kaka na ajiye a gurbinta a zaure, na zauna, na ƙi amfani da ƙarfin gwiwata, na yunƙura. Hannuna na hagu ya kai bango da kansa. Da na duba inda ya sauka, sai ga wani shati baƙi mai sheƙi a jikin simintin, faɗin tafin hannu. Sama da shi kaɗan ga wani. Maiƙon hannunta ne. Hannun dama na riƙe da ludayi, da na hagu take dafa nan ta yunƙura, ta dafa can ta miƙe. Irin wannan shati ba a wata guda yake kamawa ba. Ashe shekara da shekaru tana fama da tashi, mu muna zaune a gabanta muna cin masa. Na zauna a wurin na yi ƙwalla, sannan na tashi na auna bangon.

Da na koma makaranta, malamin ya kalli hoton bangon da na kai masa, ya ce, “Wannan ma awo ne. Amma sai ta zauna ta tashi sannan zan yarda da kai.”

Kujerar farko da na yi, da bututun ƙarfe na yi ta. Na yi walda har idona ya yi ja, na shafa farin fenti, na sa katifa mai laushi. A takarda ba ta da aibi. Na ɗauro ta a bayan mota na kawo gida ina ji da kaina. Kaka ta leƙo daga ƙofar ɗaki ta ce, “Wa ye ba shi da lafiya?” Ta ce ta asibiti ce, ta sa aka ɗora mata buta a kai.

Na koma makaranta abokai suna kirana kafintan Kaka. Ko a jikina. Wannan karon tsohuwar kujerar tata na sa a buhu na tafi da ita. Samanta ya riga ya lotsa daidai zamanta, don haka ban bari an goge shi da sanfefa ba. Ƙafafu kawai na sake mata da katakon maɗaci, na ƙara tsawonsu kamar taƙi ɗaya, na ɗan karkata ta gaba. A gefen hagu na kafa wani gungume mai mulmulallen kai irin na taɓarya, daidai tsawon shatin bango. Ya karye mini a gwaji, na sake, ya yi girgiɗi, na sake. Sannan na tuna in kujera ta ɗaga, murhu bai ɗaga ba, bayan Kaka ne zai sha wahala. Sai na roƙi 'yan sashen tukwane suka bar ni na gina wa murhun gindi na yumɓu na gasa, yadda nisan hannunta da tanda zai zauna yadda ta saba. Daga ƙarshe na shafe sabon katakon da mai, na turara shi da hayaƙi har ya daina kama da baƙo.

Na kawo su gida, da safe muka gwada, ana yayyafi. Baba ya tsaya a bakin zaure, hannu a baya. Kaka ta ƙi fitowa sai da Mama ta shiga ta ce, “Fito ka ga abin da mijinka ya yi.” Ta fito tana dogara sanda tana mita. Da ta ga kujerar sai ta matso. Ta shafa samanta, ta gane kayarta, ta juya ta zauna. Ta gyara zani, ta miƙa hannun dama inda ƙwaryar ƙullu ke zama, duk da babu komai a wurin.

Baba ya matso zai kama ta, ta ɗaga masa hannu. Hagunta ta laluba, ta sami kan gungumen, ta danna, sai ga ta tsaye. Ta koma ta zauna, ta sake tashi. Ta dubi Baba ta ce, “Ɗauko mini tandata.”

Sannan ta juyo gare ni. “Maigida, ban yarda ka auna ni ba. Wa ya faɗa maka?”

Na nuna mata bangon. Ta daɗe tana kallo, ta ɗora tafinta a kan shatin, ya rufe shi daidai. “Ashe an gani,” in ji ta. Baba yana tsaye da makullin sito a hannu. Kullum ta nan yake shiga yake fita, bai taɓa lura ba. Na ga ya kawar da kai yana goge ido da bakin riga, sannan ya wuce sito da sauri.

Kaka ta yi damina biyu tana toya masa a kan kujerar nan kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma har ranar ƙarshe ba ta bar wani ya ɗaga ta ba. Na gama karatu, yanzu ina da ɗan wurin aikina a Titin Bauchi. Zauren an yi masa fenti an sa tayil, ya zama shagon cajin waya. Mama ta koma ƙauye wurin 'yarta. Mutanen yanzu ba sa gudun awo, wasu ma ta waya suke turo mini nasu, amma har yau in tsoho ne ba na fito da tef sai na fara zama na ga yadda yake tashi.

Makon jiya na je gaida Baba. Ya tsufa, amma in ka tambaye shi gwiwa sai ya ce garau. Bayan ya idar da salla na ga ya ɗan jinkirta a kan darduma yana jiran in kawar da kai. A jikin bangon ɗakinsa, gefen hagu, farin fentin ya fara dusashewa faɗin tafin hannu. Na dawo wurin aiki na zaɓi katako, gobe zan fara yanka.